Sunan Kakana

Unguwar Jarwal, daren Laraba, Zulhajji 1385

Kafaɗuna ciwo suke, barci kuma ya ƙi zuwa. Yau wani tsohon alhaji ɗan ƙasar Folan muka ɗauka a kafaɗa, ni da abokan aikina, muka yi ɗawafi da shi. Da muka sauke shi ya faɗa mini sunan gidansu, wanda harshena ya kasa juyawa. Da ɗan guntun Larabcinsa ya ce ma'anarsa mai kiwon zuma, sana'ar kakan kakansa, kuma tun bayan yaƙin duniya su biyu suka rage masu amsa shi.

Ya ce, "Kai fa?"

Na ce, "Hausawi." Sunan rabin mutanen Jarwal ke nan.

Ina dawowa na durƙusa gaban Inna. Baba ya rasu a hanyar Sudan ina goye, ita kaɗai ta san sunan mahaifinsa. Da can in na tambaya sai ta rufe baki da mayafi ta ce, "Wa ka taɓa ji ta kama sunan suruki?" In yi dariya in wuce, ina ganin akwai gobe.

Yau ba ta rufe baki ba. Ta daɗe tana kallon bango, leɓɓanta na motsi.

Ta ce, "Wallahi yau da na faɗa maka, ɗan nan. Na neme shi na rasa."