Gardamar Baba da Malam Kallamu

Zuwa ga ƙanwata Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar kewa, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya buɗa miki karatu, Ya ba ki juriyar sanyin ƙasar can da kike ta kuka da shi. Mu nan Zakirai alhamdu lillahi. An gama cirar gyaɗa, Huseina ta yaye 'yarta, ƙafar Inna kuma ta yi sauƙi har tana fita unguwa.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro. Kin tuna da kika zo hutu kika yi musu bayanin karatunki a zaure, shi da amininsa Malam Kallamu? Kika ce masana sun rabu a kan ƙananan ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Wasu sun ce ƙwayar ba ta da takamaiman wuri sai an auna ta, awon ne ke tsayar da ita. Wasu sun ce tana da wurinta tun farko, mu ne ba mu sani ba. Wasu kuma wai duk abin da zai iya faruwa yana faruwa, duniya ce ke ta rabuwa. To, kin tafi kin bar mana aiki! Wata takwas, kullum bayan la'asar suna kan tabarma ana fafatawa. Baba ya ce gyaɗa tana nan a ƙasa ko ka tona ko ba ka tona ba, tonon ba ya ƙara mata ƙwaya ɗaya. Malam Kallamu ya ce matsalar manomi ke nan, komai sai ya mai da shi gyaɗa, kuma ba wanda ya ce dole Allah Ya yi ƙaramin abu a kan tsarin babba. Ra'ayi na ukun kam tare suke masa dariya. Abinci sai ya huce kafin su taɓa shi.

Tun rasuwar Malam Kallamu, yau kwana arba'in da shida, Baba bai sake shimfiɗa tabarmar ba. Ba ya ƙorafi, amma tuwon da nake aika masa rabinsa ke dawowa. Ranar Juma'a da kika bugo waya na ga ya gyara zama, ya kawo miki maganar gyaɗarsa da ƙarfinsa. Ke kuma uwar ladabi sai kika ce haka ne, Baba ya fi ki sani. Muhsina, da kin ga fuskarsa! Ya miƙo min wayar, ya ce kin girma kin yi hankali, ya shige ɗaki. Sai daga baya na gane abokin gardama yake nema, kuma wallahi sai da na yi hawaye.

Na san ba haka aka rene mu ba, ni kaina ban taɓa ce masa a'a ba. Amma ban san komai a wannan ilimi ba, ke kaɗai za ki iya. Don Allah ki rubuto masa doguwar takarda, ki tsaya inda Malam Kallamu ya tsaya, ko da ba ra'ayinki ba ne. Ki kawo hujjojin malamanku da gwaje-gwajen da kika ce an yi, ki faɗa masa ƙarara gyaɗarsa ba ta isa hujja ba. Ni zan karanta masa, kuma ba zan sassauta ko kalma ɗaya ba. Idan ya harzuƙa ya ce a kawo biro zai ba ki amsa, to mun samu abin da muke nema.

Inna tana gaishe ki, haka Huseina da Aina'u da Ɗan'auta. Ki gaida abokiyar zamanki Tahira. Baba ma ya ce a gaishe ki, bai san abin da na rubuta ba.

Yayarki mai ƙaunarki,
Barira