Sharko ya cinye alkamar Kaka Stevan

Kaka,

Kada ki nemi dafaffiyar alkamar da za ki kai makabarta yau don addu'ar marigayi mijinki, Kaka Stevan. Karena Sharko ya cinye ta tas, har gicciyen da kika zana a kai. Ni na bar ƙofar baranda a buɗe.

Ranar da na ɗauko shi daga gidan karnukan tsintuwa, na rantse ba zai zame miki wahala ba. A bola ya tashi, bai san abin da ba a taɓawa ba. Ni na sani.

Na tafi wurin Gwaggo Radmila neman wata. Sharko yana ƙarƙashin gadona, ya ɓuya. Don Allah kada ki ɗaga masa tsintsiya, ki ajiye min ita sai na dawo.

Nenad