Baƙo a Zauren Kwamfuta

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki da Baba da su Zinnira. Ya damina a Kutama?

Lafiyata ƙalau a Jamus, kada ki damu. Kin tambayi aikina. Kwamfuta ma tana da zaure da cikin gida. Ni ke rubuta umarnin kwafo saƙon baƙo daga zaure zuwa ciki, amma sai an bincike shi. Makon jiya na bar wani saƙo ya wuce haka nan, komai ya tsaya cak, aka ja mini kunne.

A gidanmu ba a tuhumar baƙo, amma na koya, Inna. Jiya wani ɗan Kabo ya yi mini sallama a tasha. Sai da na auna abin da yake nema kafin na amsa.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Mahbub