Farcen Humrar Ya Kaka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Sumayya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yaran. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa zaman Fatakwal ya zame muku alheri. Mu nan Shahuci muna nan da rai. Abba ya samu sauƙin ƙafarsa har yana fita masallaci, Ikram kuma ta sauke Alƙur'ani watan jiya. Kada ki yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Na zaɓe ta ne saboda ba a danna ta ta isa hannun mutum dubu.

Maganar kakarmu ce, Ya Kaka. Kin tuna bidiyon da kika turo zauren danginmu na WhatsApp sati uku da suka wuce, kika rubuta a ƙasansa cewa mata a yi hattara, duniya ta lalace? Babu fuska a ciki, sai hannuwan wata tsohuwa tana juya kasko, ana jin ta ce a soya farcen sosai. Sai wata murya da aka ɗora a kai tana rantsuwa wai wata 'yar Barno a Shahuci tana soya farcen gawa tana zubawa a humrar amare. Sumayya, waɗannan hannuwan su suka yi miki wanka, su suka yi miki kitso har kika yi aure. Tabon ƙunar da ke babban yatsanta yana nan a fili. Ke ce fa kike guduwa soro idan an jiƙa farcen humra saboda ƙarninsa, ita kuma tana miki dariya tana cewa ɓawon dodon koɗin teku ne, shi ke riƙe ƙamshi a jikin zane. Yanzu har kin zama baƙuwar da za ta ji an ce farce ta ɗauka na mutum ne?

Wata mai gyaran amare ce ta roƙi Ya Kaka ta bar ta ta ɗauki bidiyon aikin, wai za ta tallata mata. Daga wayar matar ya fita, wani marar tsoron Allah ya yanke shi ya ɗora ƙaryarsa. Na san ba ke kika ƙirƙira ba. Amma daga zaurenmu matar Kawu Maharazu ta kwashe shi ta kai ƙungiyar matan unguwa, tana cewa ai jikar gidan ce da kanta ta turo. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan kalmar ita ta fi ƙona mini rai, domin duk wanda na je wa da bayani sai ya tare ni da sunanki.

Cikin kwana biyu 'yan ƙauye da 'yan birni kowa ya zama shaida. Wata ta ce ta taɓa ganinta a bakin maƙabarta, tsohuwar da ko Ƙofar Nassarawa ba ta iya takawa. Hajiya 'Yardada, wadda suka shekara arba'in suna zumunci, ta maido da kwalaben humrar bikin 'yarta a leda, ko sallama ba a yi ba aka ajiye a ƙofar gida. Malam Ɗalha liman ya yi bayani bayan sallar Azahar, har ya ɗaga farcen a hannunsa, aka ɗauka a waya aka watsa. Mutum nawa kike zaton suka kalla? Ba su kai su cika soronmu ba. Waɗanda suka kalla ma suka ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to mu a gidan nan mun ga 'ya'yanta.

Ya Kaka ta kife kaskon. Gidan da ake gane shi da ƙamshi tun daga bakin lungu yanzu ba ya ƙamshin komai. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa gaisuwar mutuwa, ta ce ba za ta iya jure a janye mata tabarma ba. Tana zaune tana juya hannuwanta kawai. Ina jin haushinki, ba zan ɓoye miki ba. Na san za ki ce ai turowa kawai kika yi, amma magana zarar bunu ce.

Abba yana gaishe ki, Ikram da Lauratu ma haka. Ki gaida Malam Umar da su Mubarak.

Kwalbar humrar da ke cikin wannan saƙo ita ce ta ƙarshe da Ya Kaka ta haɗa, taki ce ta Sallah. Da take miƙo mini ita, ta roƙe ni kada in bari labarin ya kai kunnenki, wai kina nesa, kuma kin cika son ta, ranki zai ɓaci. Na karɓa, na zo na ɗauko takarda. Lambar wayarta ba ta canza ba.

Yayarki,
Rahma