Jirgin Yaya Yunus

Gaya, farkon Rajab

Zuwa ga ƙanina Nasir,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Kausar da yara. Yaya Kwatano da aiki? Mu nan lafiya lau, in ka cire idon Inna. Takarda na rubuta na ba Na'Allah direba, don a waya ba ka barina in kai aya.

Bidiyon da ka aiko ya iso. Sannu da ƙoƙari, amma mutumin da ya yi maka aikin bakin ƙofa kawai ya leƙa. Kai kana ƙarami lokacin da marigayi Yaya Yunus yake da siber, shagon intanet ɗin nan, a bakin kasuwa. Ni kuwa ina gefensa sa'ad da ya zana wannan zane mai motsi da manhajar Flash, irin da sabbin ordinater, wato kwamfutoci, suka daina buɗewa. Abin da mutuminka ya ɗauko shi ne farkon kawai: jirgi a gaɓar kogi yana rangaji, marigayi mahaifinmu Baba Kabo a baya da malfarsa, Yaya a gaba. Ni na san jirgin yana tafiya, kuma akwai waƙa da muryar Yaya.

Inna tana kallon naka safe da yamma, hancinta a jikin wayata, tana tsammani iyakarsa ke nan. Likitan Dosso ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma raguwa yake yi. Ina so ta ga aikin ɗanta har ƙarshe tun tana gani. Saboda haka kada ka sake yi mini maganar jefar da tsohon faifan da zanen yake ciki. Ba a banza nake koyar da ordinater a kolej ba, zan buɗe shi.

Ka gaida Kausar.

Yayarka,
Ikilima

Gaya, tsakiyar Sha'aban

Nasir,

Ina gaisuwa, da fatan tarin ƙaraminku ya sauka. Inna ta gode da man shafawa.

Faifan ya fara tabo kamar goron da ya kwana biyu, kuma a lekol ɗinmu inda nake koyarwa babu inji ko ɗaya mai wurin sa faifai. Sai da na ƙetara gada zuwa Malanbil na tono wani a cikin kayan gwanjo. Ya yi ta gurnani, amma ya ba ni abin da nake so, na kwashe a kile, ɗan filashin nan na ajiya. Daga nan na sauko da wata manhaja wadda ke sa sabon inji ya yi shigar tsoho, har zanen ya ɗauka a gidansu yake. Ya buɗe tas.

To, yi dariyarka, na ba ka izini: jirgin yana nan a gaɓa yana rangaji, daidai da naka. Jira yake a taɓa wani wuri kafin ya ci gaba, ni kuma na manta wurin. Babu kibiya, babu rubutu. Na danna ruwa, na danna gajimare, na danna filafili, har malfar Baba na danna, Allah ya gafarta mini. Yaya da son wahalar da mutane, ko a kabari bai daina ba.

Ban karaya ba. Na leƙa cikin abin na ga sauran zanen da muryar suna nan kwance. Abin da ke damuna Inna ce. Yanzu ba ta rarrabe 'ya'yana Kadija da Mariyama sai sun yi magana, su da take yi wa kitso tun suna goye. Ranar da na lura da haka na shiga ɗaki na yi kuka, na wanke fuska na koma kan aikina.

A yi mana addu'a.

Ikilima

Gaya, jajibirin azumi

Ƙanina,

Barka da shigowar wata mai alfarma. Allah ya sa kowa lafiya a wajenku.

Jirgi ya tashi. Shekaranjiya bayan la'asar ina zaune kusa da Inna ina ta danne-danne, ta tambaye ni abin da nake tsokana haka. Na ce mata jirgin ne ya ƙi tafiya. Ta kawo fuska dab da gilashi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya ko an kwance shi. Ta ce ɗan Kabo ba zai tura jirgi da igiya a turke ba, ko a zane. Na kama igiyar da linzamin ordinater na zare ta daga turken.

Nasir, muryar Yaya ta cika tsakar gida, yana waƙar tuƙin nan ta Dendi da Baba ke yi. Suka wuce ƙarƙashin gada, manyan motoci jere a sama, suka wuce mata a fadamar shinkafa, wata dorina ta yi musu hamma. Jirgin ya yi ta ƙanƙancewa wajen kwanar kogi har ya zama ruwa kawai. Inna ba ta ɗaga kai ba sai da waƙar ta ƙare. Ta ce ta gan su sarai har tsakiyar ruwa, daga nan ba ta sani ba ko nisa ne ko idonta.

Na adana komai yadda ya kamata. Ainihin zanen da manhajar da ke buɗe shi suna tare a kile biyu da kuma intanet. Ɗaya na cikin wannan ambulan, ka ajiye nesa da danshin garinku. 'Ya'yanka za su kwance igiyar nan da hannunsu, in sha Allahu.

Jiya na ɗauko ordinater zan sake kunna mata, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce ta raka Baba, ta raka Yaya, shekaranjiya kuma ta raka su tare, ba za ta iya sallamar su kullum ba. Wai in ba ta na Nasir, wanda suke zaune a gaɓa ba su tafi ko'ina ba.

Ni kuwa tun daren da jirgin ya tashi na goge naka daga wayata, don ina ganin aikinsa ya ƙare. Na ce mata caji ne babu. Yau da safe ta sake tambaya. Da takardar nan ta shiga hannunka ka turo mini shi, kuma kada ka bari kowa ya gyara masa komai.

Allah ya karɓi ibadarmu.

Yayarka mai ƙaunarka,
Ikilima