Malama Ba Ta Hau Dokin Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Yaya karatu, yaya aikin asibiti, yaya kuma ciwon bayan nan da kika ce doguwar tsayuwa tana tayar miki? Allah Ya yaye miki, Ya sa ki gama abin da ya kai ki, ki dawo mana lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ba sanda tana yi wa kowa faɗa, kin san alamar lafiyarta ke nan. Baban yara yana nan yana fama da shago. Auta yana haƙora, ya hana kowa sakat. Sarkin Ɓarna ya fara makaranta, kuma tuni ya dawo gida da takalmi ƙafa ɗaya. Aku bakinta bai mutu ba, daga farkawa har barci surutu take. 'Yarki Malama lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha, karatu kuma ba a magana. Har yanzu ita da Aku gado ɗaya, kwano ɗaya, in kin ga ɗaya to ɗayar tana bayan ƙofa.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali ba mu daɗe da yin waya ba. To, Yaya, abin da ke raina bakina ba zai iya faɗa miki ba, shi ya sa na ɗauki biro. A wayar nan kin gaya mini an ƙara miki shekara guda, kuma Gwaggon Malama, ƙanwar babanta, ta roƙa a ba ta ita ta riƙe tunda gidanta babu ƙananan yara. Kika tambaye ni ko ɗawainiyar ta yi mini yawa. Na ɗaga murya na ce haba Yaya, wace irin magana ce wannan, ai ban san bambancin Malama da Aku ba. Kika yi dariya kika ce shi ke nan ta zauna, tunda kina jin yadda take ba ki labarin yawon da nake kai su, kin san tana jin daɗi. Wallahi a lokacin har wani fankama nake ji a raina. Ashe ban san abin da ke jirana ba.

Bari in fara gaya miki yadda yawon namu yake. Duk ƙarshen wata nakan kai su wurin wasan yara. Tun da safe gidan yake kacamewa, wannan yana neman safa, waccan tana kukan a sake mata kitso, Sarkin Ɓarna ya ɓata rigarsa kafin mu kai bakin titi. Nakan cika jaka da ruwa da biskit da kayan canjin Auta, mu tari mota mu tafi. A wurin akwai lilo, akwai wurin zamiya, amma abin da yara suke mutuwa a kai shi ne wasu dawakin katako masu zagayawa, suna hawa suna sauka ana kiɗa. Allah shaida ne, ban taɓa sayen tikiti na bar Malama ba. Sai dai Sarkin Ɓarna ba a barinsa ya hau shi kaɗai, dole in tsaya a gefensa in riƙe masa ƙugu. To wa zai riƙe Auta da jaka? Aku ba ta iya riƙe ko kofi ba ta zubar ba. Sai in juya in ce Malama ta riƙe mini ƙaninta, in mun sauko sai ta hau. Ita kuwa ta miƙo hannu, ta zauna a kan benci da yaro a cinya. In mun sauko kuma, ko Auta ya ɓata jikinsa, ko Sarkin Ɓarna ya ruga wajen mai sayar da balan-balan, ko hadari ya taso, ko layi ya yi tsawo. Sai in ce wata mai zuwa ita za ta fara hawa, ta ce to. Tikitin nata kuwa, in ba a yar ba, yana nan a gindin jaka.

Ban taɓa zama na haɗa wannan wata da wancan ba sai ranar wayarmu. Da muka gama magana na miƙa mata wayar, na koma ɗaki ina ninke kayan wanki, ƙofa a buɗe. Sai na ji tana ba ki labari da murya mai daɗi. Wai farin doki ta hau, mai jan linzami, wanda kunnensa ɗaya ya ɗan guntule. Wai in ya yi sama sai ta ji cikinta ya yi wani yam, in ya sauko sai dariya ta ƙwace mata, kuma ƙarfen da ake riƙewa yana da sanyi, yana barin wari a tafin hannu. Na ji muryarki sama-sama kina dariya kina ƙara tambayarta. Na tsaya da rigar Auta a hannu ina tunani, yaushe ta hau? Na bi watannin nan ɗaya bayan ɗaya a raina. A kowanne ina ganin bencin nan, da ita a zaune, da jaka a gefenta. Yaya, 'yarki ba ta taɓa hawa dokin nan ba, ko sau ɗaya. Sai na zauna a kan kayan wankin.

Ban iya tunkarar ta ba, kunya ta hana ni. Sai na ja Aku zuwa kicin, don na san ita magana ba ta kwana a cikinta. Amma ranar sai ta kama bakinta gam, tana murza gefen riga. Da ƙyar, bayan na rantse ba zan doke ta ba, ta fashe da kuka ta faɗa mini. Wai ita ce take koya wa Malama. Duk sanda muka dawo sai su shige ƙarƙashin gado, ta ba ta labarin komai dalla-dalla, yadda ciki yake yi, yadda ƙarfen yake, har takan ba ta tafin hannunta ta shinshina. Malama kuma ta maimaita har ta iya. Na ce me ya sa? Ta ce wai sun taɓa jin Gwaggo tana cewa in yarinyar ba ta jin daɗin zama a nan a kawo mata ita. Shi ne suka yi shawara, in Umman Malama ta ji ba ta hawa doki za ta ce ba a sonta, a zo a ɗauke ta. Ta ce sun taɓa gwada musanyawa, ita ta riƙe Auta Malama ta hau, amma na daka mata tsawa na ce za ta yar mini da yaro. Na tuna ranar sarai, har da abin da na ƙara da shi, wai ta yi koyi da 'yar'uwarta mai hankali.

Kin ga 'yan yara biyu, ɗaya shekara takwas ɗaya bakwai, suna ƙarƙashin gado suna rufa wa babbar mace asiri. Ni kuma ina yawo ina gaya wa maƙwabta wai Allah Ya ba ni 'ya mai natsuwa. Ni na laƙaba mata sunan Malama tun tana ƙarama, yanzu in na kira sunan sai in ji nauyinsa a bakina. Da na duba sai na ga ba a wurin wasa kaɗai ba ne. Wa ake tasa daga wasa in Auta ya farka? Wa ake aika ɗauko tsintsiya in Sarkin Ɓarna ya fasa kofi? Ban taɓa zaginta ba, ban taɓa rage mata abinci ba, sutura kuwa iri ɗaya nake ɗinka musu, da wannan nake yaudarar kaina. Da na gaya wa baban yara, sai ya ce shi ya zaci tsoron dawakin take ji, don duk hoton da na nuna masa ba ta ciki. Inna kuwa ba ta raga mini ba. Ta ce in tuna wa ya goya ni lokacin da sa'o'inki suke wasa a waje, ta ce ashe da haka zan saka miki.

Ban jira ƙarshen wata ba. Asabar ɗin da ta biyo baya na bar Auta da Sarkin Ɓarna wurin Inna, na ɗauki 'yan matan biyu kaɗai. A mota Aku sai tsalle take tana gaya mata ta ruga ta kama farin kafin wani ya riga ta. Malama kuwa na ga tana ta gyara ɗankwali, tana murmushi ita kaɗai. Muka bi layi har muka kai gaba. Mai kula da dawakin yana da wani ƙarfe a bakin shiga da aka ja wa jan layi, wanda duk zuwan da muke yi ban taɓa kula da shi ba. Ya dubi Malama ya ce ta tsaya a jikinsa. Kanta ya wuce layin da kamar yatsu biyu. Ya ce in yi haƙuri, dokin na ƙanana ne, ta girme shi. Na roƙe shi, na ce sau ɗaya tak, na ce ba ta taɓa hawa ba. Ya ce ai ya gane ta, ita ce mai zama da jariri a benci, da an kawo ta watannin baya da ta shiga, amma yanzu in ya bar ta aikinsa ne zai tafi. Mutanen layi suna jinmu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Malama. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce ba komai Anti, Aku ta hau, sannan ta miƙo hannu za ta karɓi jakata. Na riƙe jakar gam na ce a'a. Aku kuwa, da mutumin ya kama hannunta zai ɗora ta, sai ta janye, ta ce ita ma ta girma, dokin na jarirai ne, kuma daman kunnensa a guntule yake. Ta ja 'yar'uwarta suka nufi babban wurin zamiya. Na zauna a bencin nan ina kallonsu. Da farko Malama tana hawa tana waiwayena, kamar mai jiran a kira ta. Can da ta ga ba wanda ya kira ta, sai ta sake. Ta zamo da gudu ta faɗi a yashi, ta ƙwala ihu tana dariya. Yaya, tunda kika kawo mini ita ban taɓa jin ihunta ba sai ranar. Sun yi wasa har rigunansu suka yi duƙun-duƙun. Amma da za mu fita, kiɗan dawakin yana tashi, na ga ta rage tafiya tana kallo. Wannan kam ya wuce ta, kuma ni na jawo.

To, kin ji gaskiyar magana. Kin yanke shawarar barinta a nan ne bisa labarin da ba haka yake ba, don haka ya zama dole ki sake dubawa da idonki a buɗe. In kin ce ta koma wurin Gwaggonta, ba ni da ta cewa, ni da kaina zan haɗa mata kaya. In kin bar mini ita, na riga na nemi mai taya ni rainon Auta, kuma na gaya wa Inna ta sa mini ido, kin san ba za ta ji nauyin faɗa mini ba. Ba zan cika ki da alkawari ba, don na yi wa 'yarki alkawarin wata mai zuwa ya fi a ƙirga. Abu ɗaya nake roƙo, in kin kira don Allah kada ki yi mata faɗan ƙarya. Ba halinta ba ne, mu muka koya mata.

Inna tana gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Baban yara yana gaisuwa, haka Kawu da iyalinsa, da Yaya Babba da matarsa. Ki gaishe mini da abokiyar zamanki da ta kula da ke lokacin da kika yi zazzaɓi, Allah Ya saka mata da alheri. Yara ba su ba ni saƙo ba, don ba su san ina rubuta miki ba. Ranar nan a kicin Aku ta riƙe mini zane tana roƙona kada in gaya miki, ta ce in na faɗa za a raba su. Ban amsa mata ba, ita kuma ta ɗauka na yarda. Yanzu haka ina jiyo su a tsakar gida suna rigima a kan igiyar tsalle, hankalinsu kwance. Laifin nawa ne ni kaɗai, Yaya. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama, amma ki dubi Allah ki dubi yaran nan biyu kafin ki amsa wa Gwaggo.

Taki har kullum, mai jin kunyar haɗa ido da ke,
Ƙanwarki, Maman Aku