Furannin da Ba Sa Shan Ruwa

Zuwa ga matata, uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan kin sauka lafiya. Yaya jikin 'yarmu, yaya jaririn? Ki duba mini ko kunnuwansa irin nawa ne, in fara ba shi haƙuri tun yanzu. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da kika sani, sai kuma gidan da ya yi mini faɗi.

Akwai labari a otal. Sabon manaja ya kawo wani ƙanin abokinsa, wai ƙwararre ne a tsara lambu, wai daga yanzu a bakinsa zan riƙa jin abin yi. Ni da na shekara ashirin da uku a durƙushe cikin lambun nan! Ma'aikata sun sa masa suna Mai Kwat, don da kwat da farin takalmi yake shigowa cikin shuka, yana ɗaga ƙafa kamar zai taka garwashi. Faratansa fes, ban ga alamar ya taɓa ƙasa ba tun da aka yaye shi. In ya ga fure sai ya ɗauke shi hoto, waya ta gaya masa sunan, shi kuma ya juyo yana karantar da ni, kamar ba ni na dasa shi ba. Jiya ya dubi furen wardin bakin ƙofa, wanda na yi wa aure da hannuna, na ɗaura reshe mai kyawun fure a kan tushen mai ƙaya, ya ce ya zama daji. Na ce to. Ban ga amfanin ɓata yawuna ba.

Ki gaida surukinmu.

Naki har kullum,
Baba Lambu

Zuwa ga matata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, saƙonki ya iso. Kin ce in yi haƙuri in kama bakina. Bakin na kama, idon ne ya ƙi rufuwa.

Mai Kwat ya kafa doka a yi ban ruwa sau uku a rana, kowace shuka daidai da 'yar'uwarta, har masu kaurin ganyen nan da sau ɗaya a mako ya ishe su. Tukwanen da ke baranda, waɗanda inuwa ce rayuwarsu, ya sa an jera su a filin ajiye motoci, wai sun fi kyau a hoto. Kwana uku ganyensu ya ƙone kamar an goga masa dutsen guga. Furen yasmin ɗin da ke hawa bangon ɗakin cin abinci ya fara toho ke nan, ya sa aka aske shi, wai yana zubar da shara.

Na wardin ne ya fi ci mini rai. Ya karɓi almakashi da kansa, ya riƙe shi da yatsa biyu kamar mai tsoron cizo, ya datse su ƙasa da wurin auren. Ke ma da ba aikinki ba ne kin san abin da zai fito daga nan: ƙaya zalla. Mai gadi ya juya baya yana tsaki.

Na hau sama wurin manaja, na cire hula na yi masa bayani dalla-dalla. Ko ɗago kai bai yi ba. Cewa ya yi mu tsofaffi tsoron ci gaba muke yi. Mutumin da ke zuba ragowar shayinsa a tukunyar furen ofishinsa, shi ne zai koya mini ci gaba.

Saura mako biyu a yi wani babban taro a otal. Zan ga abin da za su nuna wa baƙi.

Ki shafa mini kan jaririn.

Mijinki,
Baba Lambu

Zuwa ga matata abar ƙaunata,

Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ke da mai jego da ɗan jikanmu. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Saiwoyin sun ruɓe. Na tura hannu cikin ƙasa na zaro su baƙi ƙirin, suna wari. Na zaci Mai Kwat zai ji kunya. Ina! Ana jibi taro sai ga mota cike da kwalaye. Furannin roba ne, uwar yara. Ja, rawaya, har da shuɗin wardi, abin da ban taɓa gani ya tsiro a ƙasar Allah ba. Aka tuge nawa aka watsa a bola, aka soka waɗannan a gurbinsu. Shi kuma yana bi yana fesa musu turare, har da ja da baya yana karkata kai kamar ya yi abin kirki.

Na ce a raina baƙi za su gane, a yi abin kunya a huta. Babu wanda ya gane. Manyan mutane, masu tabarau da tarin takardu, suka yi layi suna ɗaukar hoto. Wata ta sunkuya ta shaƙa, ta lumshe ido, ta tambayi Mai Kwat wane taki yake sawa. Wallahi ya ba ta amsa.

Da aka watse manaja ya kira ni gaban ma'aikata, ya kama hannuna ya girgiza. Ya ce, "Baba, ka gani ko? Lambun nan bai taɓa yin kyau irin na yau ba." Sannan ya miƙo mini bokiti da sabulu da tsumma, wai sabon aikina ke nan, in riƙa goge musu ƙura kowace safiya, na huta da wahala.

Ba zan ɓoye miki ba, na shiga ɗakin ajiye kayan aiki na zauna a kan buhun taki, hawaye ya zubo mini. Ba don aikin ba. Na gane ne duk shekarun nan masu wucewa suna cewa sannu da ƙoƙari, ba su san abin da suke kallo ba.

Da na fito na hau sama, na ninke tsumman da kyau na ajiye a kan teburin manaja. Na ce a ba ƙwararre, wannan kam aikin da ya iya ne.

Ina nan tafe ranar Asabar a motar safe. Ki tambayi surukinmu ko filin nan na bayan gidansu yana nan babu komai. In yana nan, kada kowa ya share ganyen da ya zuba a wurin, ina so in yi taki da shi.

Mijinki mai kewarki,
Baba Lambu